Ciyaman Bakin Ƙofa

Duk wanda ya zauna a unguwar Nima ta birnin Ankara a shekarun 1980 bai san Alhaji Zuberu ba, to bai cika fitowa daga ɗaki ba ne. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa biyu, Hausa da tausayi. Hausar a Kano ya samo ta, inda ya yi wata uku cur yana jiran wasu kwanukan rufi da ba su taɓa isowa ba. Tausayin kuwa, shi da bakinsa ya shaida cewa da shi aka haife shi.

Daga Kano ya dawo da yaƙi. A Nima, inda Hausawa da Kotokoli da Dagomba da Mosi suke zaune gida ɗaya, ba a wahalar da baki wajen raba mace da namiji. Zenabu ya tafi kasuwa, Moro ya tafi kasuwa, kasuwar ma ya cika. Kowa yana fahimtar kowa. Alhaji Zuberu kaɗai abin yake hana sukuni. Yakan tsayar da mace da kaya niƙi-niƙi a kanta, a tsakiyar rana, don ya sanar da ita cewa ita "ta" ce ba "ya" ba. Takan yi godiya, ta wuce, ta gaya wa ƙawarta cewa Alhaji ya ce ni ya zama ta.

Tausayin ya samu wurin zama a shekarar 1986. Akwai wasu mutane tara a unguwar da suka daɗe suna wani aiki ba tare da suna ba. Idan asibiti ya sallami mutum, aka ce a mayar da shi gida a ci gaba da addu'a, sai su riƙa zuwa bi da bi. Wannan ya juya marar lafiya, wannan ya wanke zannuwa, wannan ya zauna yana fifita, don mai jinya ya samu ya yi wanka ko ya runtsa. Mma Adiza mai koko ce take tsara wanda zai je ina, a ka take riƙe da komai. Garuba wanzami yana yi wa maza aski, ya zauna ya ba su labarin gari.

Alhaji ya duba ya ga abin da suka rasa, ya kawo musu shi kyauta. Ya ba su suna, Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Jinƙai ta Nima, Maamobi da Kewaye. Ya ba su hatimi, da lasifikar hannu, da ciyaman. Ba wanda ya tuna ranar da aka yi zaɓe.

Adalci ya sa a faɗi cewa ba ya fashin dubiya. Yakan zo cikin babbar riga, da hankici mai turare a hanci, ya tsaya daidai bakin ƙofar gida, ya ɗaga murya ya ce Allah ya sauwaƙe, sannan ya tambaya ko an sanar da marar lafiya wanda ya zo. Ƙafarsa ba ta taɓa wuce nan ba. Shi ya sa a gabansa ake ce masa Ciyaman, a bayansa a ƙara da Bakin Ƙofa.

Yana da wani buri guda. A ƙarƙashin katifarsa akwai jawabin ta'aziyya mai shafi goma sha biyu, an bar gurbin sunan mamaci. Shekara biyu yana gyara shi. Sau uku ya miƙe zai karanta a wurin rasuwa, sau uku liman yana riga shi da fatiha.

A lokacin, gidan da ya fi nauyi a hannun Mma Adiza shi ne na Baba Seidu, tsohon direban turoturo, wato motar haya, da ciwon ciki ya kwantar. Likitoci sun gama nasu. 'Yarsa Mulikatu, mai sayar da wake da shinkafa a Kasuwar Malam Atta, ta kife tukunyarta wata huɗu tana jinyarsa. Ciwon ba ya barin tsohon ya yi barci, shi kuma in ya farka sunanta kaɗai yake kira. Ta rame, idonta ya faɗa, har ta fara zuba gishiri a shayi. Mma Adiza ta ce in yarinyar nan ba ta yi barci ba, jinya biyu za a yi a gidan. Abin da mutum tara suka sa a gaba ke nan: Mulikatu ta yi barci da rana ko da sau ɗaya.

Ranar wata Laraba bayan azahar aka dace. Garuba ya riƙe Baba Seidu da hirar tsofaffin motoci, Mma Adiza ta ja Mulikatu ɗakin da ke kusa, ta kwantar da ita, ta lulluɓe ta da farin zanen gado saboda ƙudaje. Kafin ta juya, yarinya ta yi nisa. Mma Adiza ta ɗauki bahon wanki ta fita a kan yatsun ƙafa. A kan gadar babbar kwata ta ci karo da Ciyaman, ya tambaye ta labarin gidan Baba Seidu.

"Alhamdu lillahi, Alhaji, ya huta," in ji ta. "Wata huɗu yana wahala. Yanzun nan ya rufe ido, ni na rufe shi da zane."

Ta ƙara da cewa kada kowa ya je gidan da hayaniya, amma Alhaji ya riga ya yi nisa da salati. Masu gani sun ce ba su taɓa ganin mutum ya yi jimami da irin wannan saurin tafiya ba.

Ya shiga gida, ya sauya farar riga, ya ɗaga katifa, ya cike gurbin suna, ya rataya lasifika. A gindin bishiyar da ake dara ya sanar da rasuwa. Wani tsoho mai suna Dramani ya ce ai da an fara leƙawa an tabbatar, tunda ba a ji kuka ba. Alhaji ya dube shi da tausayin nan nasa.

"Malam Dramani, Hausa ba ta ƙarya. An ce ya huta. Ya. A gidan nan namiji nawa ne? Ni na zauna a Kano."

Mutum wajen talatin suka bi shi, wasu ɗauke da benci.

Ranar ce ya fara taka tsakar gidan Baba Seidu, don haka bai san ɗakin marar lafiya ba. Sai dai basira ba ta buƙatar jagora. Ya hango ta labule mutum miƙe a tabarma, lulluɓe da fari tun daga kai har ƙafa. Ya tsaya a wannan ƙofar, ya gyara hula, ya kunna lasifika.

"Ya ku al'ummar Nima, Maamobi, Alajo da ƙasashen waje. Yau mun yi rashin bawan Allah wanda ni da hannuna na yi jinyarsa dare da rana."

Batirin lasifikar tsoho ne. Ta yi wata ƙara kamar an taka jelar kyanwa, ta mutu. Farin zane ya motsa, ya tashi zaune.

Benci biyu suka karye. Malam Dramani, da ke tafiya da sanda tun shekara goma, an same shi a bakin titi babu sandar. Ciyaman bai gudu ba. Daga baya ya ce jarumtaka ce, Garuba kuma ya ce rigar ce ta maƙale a ƙusar ƙofa.

Mulikatu ta yaye zane, ta dubi jama'a, ta dubi rana, ta gane ko rabin awa ba ta yi ba. Hawaye kawai suka zubo mata. Daga ɗaya ɗakin aka ji wata siririyar murya tana tambaya wa ya mutu.

Mma Adiza ta iso da gudu, kumfar sabulu har gwiwar hannu. Abin da ta faɗa wa Ciyaman da Hausa ta fara shi, ta bi da harshen Twi, ta ƙarasa da Kotokoli, kuma ba wanda ya nemi tafinta. Ya saurara har ta gama, sannan ya yi bayani cikin natsuwa cewa laifin ba nasa ba ne, na nahawu ne. Da ta ce ta huta, da duk wannan bai faru ba. Ya ce wannan darasi ne ga unguwannin Zango baki ɗaya.

Garuba ya leƙo ya ce Baba na kira. Alhaji ya nemi ya amsa daga inda yake, aka ce a'a, ciki. Ya manna hankici a hanci ya sunkuya ya shiga, aka ba shi kujera 'yar tsugunne, aka danƙa masa mafici.

"Zuberu," in ji Baba Seidu, "an ce ka rubuta mini takarda. Ranar da za a karanta ba zan ji ba. Karanta yanzu in ji abin da na yi."

Shekara biyu Alhaji yana jiran wannan umarni. Ya buɗe shafin farko, inda aka ambaci marigayi sau ɗaya. Shafi na biyu ya shiga tarihin ƙungiya da wanda ya kafa ta. A na uku aka kama hanyar Kano, tasha bayan tasha, da sunan kowane gari da abin da Alhaji ya ci a cikinsa. Muryarsa ba ta hawa, ba ta sauka, hannunsa kuma yana kaɗa mafici don jaddada magana. Ba a kai Lokoja ba Baba Seidu, wanda ya kwana shida ido biyu, ya fara minshari. Mulikatu da ta zo ta jingina da ƙyaure ta zame a hankali ta bi shi. Garuba ma sai da ya fita ya wanke fuska.

Mma Adiza ta tsaya ta daɗe tana kallon su. Ta mayar da farin zane a kan Mulikatu, ta kori sauran jama'a da hannu, ta yi wa Alhaji alama ya ci gaba. Ya ci gaba har la'asar sakaliya. Mulikatu ba ta farka ba sai da aka kira magariba, ta nemi tuwo, ta ci malmala biyu.

Washegari aka sa Ciyaman cikin masu zuwa bi da bi, kullum bayan azahar. Baba Seidu ya ƙara mako bakwai a duniya yana barcinsa na rana, 'yarsa ta murmure, har ta koma kasuwa da safe. Wasu gidajen jinya a Maamobi suka aiko a ba su aronsa. Shi kuwa yana faɗa a gindin bishiya cewa a duk Ankara babu wanda ake saurara kamarsa, don ba a taɓa katse masa magana ba. Gaskiya ne. Haka kuma ba a samu wanda ya san abin da ke shafi na biyar ba.

Yaƙin nahawun ma bai tafi a banza ba. Mma Adiza ta yi alkawarin gyara bakinta, kuma ta cika. Duk wanda ya tambaye ta sirrin barcin da ake samu a gidajen jinya, takan ajiye ludayin koko ta amsa a hankali, yadda aka koya mata:

"Alhaji ce. Ta iya magana."