Rasuwar Mai Hanci, Ma'aunin Oksijin na Shagonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni Zahir, mai cika wa masu nutso silindar iskar shaƙa a bakin gaɓar tsibirinmu, nake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar Mai Hanci, 'yar na'urarmu ruwan ɗorawa da ke faɗa mana yawan oksijin da ke cikin kowace silinda. Ta cika ranar Talata da hantsi, a hannuna, bayan doguwar jinyar da ta ɓoye wa kowa.

Marigayiya ba ta da surutu. In ka kunna ta, ta ce "ɗit", shi ke nan. Kowace safiya, kafin in taɓa gurasarmu ta roshi da shayi, sai na kaɗa ta a fili na murɗa maɓallinta har ta tsaya a ashirin da ɗigo tara, kason oksijin da ke cikin iskar da kowa ke shaƙa. Daga nan ta zama alƙali. Mai nutso ya ɗora hancinta a bakin silinda, a ji "tssss", abin da ta faɗa ya rubuta a salatif da sunansa, ya manna. Da lambar nan yake sanin iyakar zurfinsa, domin oksijin da ke raya mutum a sama, in ya yi yawa a can ƙasa farfaɗiya yake jefa shi, tiyo ya suɓuce daga bakinsa, ruwa ya shiga.

Ciwonta na tsufa ne. Ƙwayar cikinta ta cinye kanta a hankali. A iskar fili tana kawo lambarta daram, amma da oksijin ya yi yawa sai ta riƙa rage lissafi, ba ta gaya wa kowa ba.

Ranar Talatar ina haɗa iska ta ce oksijin bai kai ba. Na ƙara oksijin, ta ce da saura. Na ƙara, sai da ta ce talatin da biyu. 'Yata Shiuna, wadda ke jagorantar baƙi a ƙarƙashin ruwa, ta auna tata ta rubuta.

"Bappa, yau tsohuwar nan taka nawa take yi kamar mai azumi," in ji ta, tana dariya. Bappa shi ne baba a yarenmu.

Dhoni, jirgin ruwanmu, ya ɗebe su ita da baƙi huɗu, suka nufi mashigar ruwa mai zurfi. Ina shara na lura babbar silindar oksijin ta yi ƙasa fiye da yadda ta saba. Na fara zargin na zuba musu fiye da kima. Na ɗora Mai Hanci a kan oksijin zalla, inda ya kamata ta ce ɗari. Ta ce sittin da takwas, ta yi rawa, ta gangaro, ta tsaya.

Na kira Mauroof matuƙin jirgi a waya.

"Zahir, in kifi kake so, ba mu kama ba tukuna."

"Sun shiga?"

"Tuni. Kumfarsu kawai nake gani."

"Buga tsani! Mauroof, don girman Allah buga, kada ka daina!"

Bai tambaye ni dalili ba, Allah ya saka masa. Ya ɗauki curin dalma ya hau dukan tsanin ƙarfen jirgi, kiran da duk mai nutso ya san ma'anarsa: bar komai, ka hau. Ina tsaye waya a kunne ina jin ƙwang, ƙwang, ƙwang. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Addu'ar da na haddace tun ina yaro ta ɓace mini, sunan yarinyar kawai nake maimaitawa.

Can ya ce, "Ga jan balan-balan ɗinta na alamar hawowa ya taso." Sannan ya ƙirga mini kawuna har biyar.

Shiuna ta karɓi wayar tana haki. "Bappa, lafiya? Mun kusa mita talatin ka tashe mu! Dama leɓena ne ke ta rawa, ban san me ya same shi ba."

Ni na sani. Daga rawar leɓe sai farfaɗiya. Na zauna a ƙasa daɓas. Da yamma muka aro na'urar tsibirin maƙwabta, ta auna ragowar iskar silindar Shiuna, ta ce arba'in da ɗaya.

Marigayiya ta bar injin cika iska, kurma ne, bai ma san an yi rasuwa ba. Ta bar silinda masu yawa da babu mai yarda da su yanzu, da akwatinta na roba. Ta kuma bar Shiuna, wadda saura ƙiris ta tafi da ita. Na yafe mata. Magajiyarta na hanya daga Male, babban birninmu, kuma kullum sai ta shaƙi iskar fili da oksijin zalla kafin in yarda da ko gaisuwarta.

Za a yi jana'iza gobe bayan la'asar a bayan shago. Ba za a jefa ta a teku ba, akwai guba a cikinta. Likkafaninta salatif ɗin nan ne mai rubutun hannun Shiuna, talatin da biyu. Akwai baƙin shayi da gulha, soyayyen curin kifinmu, ga masu ta'aziyya. Ba a buƙatar masu ɗaukar makara, gawar ba ta fi tafin hannu ba. Ku dai zo ku taya ni gode wa Allah da ya sa wannan ce zan ɗauka.