Bulon Dogo da Almakashin Mai Girma

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina masu karatun jarida. Kun ce ta zo? To ku gyara zama. Da safen nan rediyo ta ce jami'a na kiran masu son digirin dakta a kimiyya da injiniyanci, wai an tanadi sabuwar na'ura. Dariya ta sa na ƙware da shayi.

Irin wannan kira Dogo, ɗan maƙwabciyata mai ɗinki, ya amsa. Ya haɗa bulo na laka da ɓuntun shinkafa, ya ce zai kunyata siminti. Abu ɗaya ya rage: a sa bulon a na'ura ta matse shi, a ga nauyin da zai iya ɗauka. In ba a gwada ba kafin Farfesansa ya yi ritaya a ƙarshen zango, Dogo ya koma farko.

Na'urar kuwa tana nan, sabuwa fil cikin leda.

"Baba, a kunna mini ita mana," Dogo ya ce wa mai makullin ɗakin na'urar.

"A kunna? Kai, ba ka da kunya ne? Uban Almakashi bai yanke mata ƙyalle ba."

Uban Almakashi, wato Mai Girma da ake gayyata bikin buɗe duk wani sabon abu, Allah ya ƙara masa kaifi, ya zo ya yanke, aka tafa. Washegari Dogo ya turo bulonsa a baro, ya tarar da ɗaki wayam.

"An kai ta sashen lantarki," in ji mai makulli. "Su ma 'ya'ya ne, suna son a buɗe musu wani abu."

Haka ta yi ta yawo. Kowane sashe ya shafa mata fentinsa, Mai Girma ya yanke ƙyalle, Dogo na biye da baro. Har wurin likitocin dabbobi ta leƙa.

"Ɗan nan, dakta za ka zama ko ɗan dako?" in ji uwarsa. Amma ba ta cika faɗa ba, don ita ake kawo wa ƙyallen ta ɗinke bayan kowane yanka.

Ana jajibirin ritayar Farfesa aka sake shirya buɗewa. Sai aka ga ƙafar dandamali ta gaza. Wani mai babbar riga ya hango baro, ya ce a kwaso.

"Ranka ya daɗe, bincikena ne!"

"To yau bincikenka ya samu shiga."

Aka tura bulo ƙarƙashi. Uban Almakashi ya hau, tumbi a gaba. Mai riƙe masa waya ya hau, mai riƙe gidan almakashi ya hau, mai fara masa tafi ma ya hau. Katako ya yi ƙara, Dogo ya runtse ido. Da ya buɗe, bulo ko gezau.

Farfesa ya mintsine shi. "Rubuta, yaro. Nauyi: Mai Girma guda da 'yan rakiya. Sakamako: bai fashe ba."

Masu jarrabawa suka duba hoton taron, suka ce ba su taɓa ganin gwaji mai tsanani haka ba.

Dogo ya zama dakta. Farfesa ya koma gonarsa. Bulo na ƙarƙashin dandamali, an hana ɗauka. Na'ura ba ta taɓa ɗanɗana wuta ba, kuma ita ce sabuwar da rediyo ke faɗa, don jiya na ga ƙyallen a kan keken ɗinkin maƙwabciyata. Ƙurunƙus.