Gangar Kunibert

"Duk faɗin jihar Bavariya babu harshen da ya san giya kamar nawa," in ji Kunibert Pfister, yana dukan tumbinsa a majalisar 'yan kwana-kwana. "Ku daina sayen ruwan wankin kamfani. Giyar bikin ƙauye ta bana ni zan dafa ta. Irin ta kakanni, mai daɗewa a sanyi. Kuma kyauta!"

Abokina, mutumin nan ko shayi ya ɗora sai an kira mu kashe gobara. Amma magajin gari na jin kyauta ya soke odar kamfani nan take.

Kunibert Sarkin Madafa ya jiƙa sha'ir a bahon wanka, iyalinsa suka koma wanka gidan maƙwabta. Ya dafa, ya tace da doguwar safar matarsa Waltraud, ya zuba a gangar katako, ya antaya yisti tun ruwan na tafarfasa. Yisti ya mutu murus. Da ya ga babu kumfa, sai ya ce wai yistin kunya yake ji.

"Waltraud, rage murya! Kina razana shi."

"Wa nake razanawa?"

"Yistin mana. Baƙo ne, bai saba da gidan ba."

"Kai dai Allah ya ba ka lafiya. Ina safata?"

Ya ɗauko famfon keke ya yi ta hura wa gangar iska har ta yi gyatsa. Ya ce to, ta farfaɗo.

Saura sanyi, ga shi ana tsakiyar zafi. Ya mirgina gangar zuwa ɗakin ƙasa, kusa da wadda Waltraud ke tsima kabeji a ruwan gishiri. Ya kwashe daskararren tsiran alade daga firji ya jera mata a jiki kamar layu. Kafin yamma karnukan ƙauye sun yi layi a taga, kowanne da rabonsa a baki.

Ranar biki ya makara wajen gyaran gashin baki. Ya faɗa ɗakin ƙasa a guje, ya mirgino ganga zuwa fili. Aka busa ƙaho, magajin gari ya doka wa gangar famfo da guduma, wani ruwa kore-kore ya tsiyayo.

Kunibert ya kafa kai ya shanye kofin farko. Idonsa ya kawo ruwa, kunnuwansa suka motsa, amma ya haɗiye.

"Kun ji tsamin nan? Sirrin kakanni ke nan!"

"Mutumina," in ji Egon mai busa ƙaho, "mene ne wannan ke iyo a kofina?"

"Furen ɗacin da ake sa wa giya ne, jahili. Sha ka yi shiru."

Jama'a suka yi ta kurɓa suna yamutsa fuska, kowa na tsoron a ce bai san giyar kakanni ba. Limamin coci har da gyaɗa kai, hawaye na zuba.

Sai ga Waltraud ta kutso da baro, wata gangar a kai.

"Ɓarawon kabeji! Abincin sanyinmu ka kawo wa mutane? Ga tsiyarka nan da ka baro!"

Fili ya ɗauki ihu. Egon ya faɗi daga benci don dariya. Amma Kunibert ko gezau, ya haye tebur.

"Gwada ku na yi, kuma duk kun faɗi! Yanzu ga ta gaskiyar. Ranka ya daɗe, kai za ka fara."

Ya cika kofi da wani abu mai kama da kunun kanwa. Magajin gari ya kurɓa. Ya cire hula ya riƙe a ƙirji kamar mai ta'aziyya. Sauran ya watsa wa tukunyar fure, furen ya kwanta a take.

Can ya juya wajen Waltraud.

"Waltraud, don girman Allah, akwai sauran ruwan kabejin?"