Garejin da Ba a Gyaran Komai

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da Asabar ɗin da mahaifin Luba ya zo garejinmu da injin ban ruwa. Har yau in na tuna sai na ji gumi ya tsatso mini a ƙeya.

Bari in fara da garejin. A unguwar Gidan Dare yake, a gidan su abokina Bitrus, wanda iyayensa malaman makaranta ne da suka zo Sakkwato tun kafin a haife mu. Da babansa ya sayar da tsohuwar motarsa sai ɗakin motar ya zama namu. Mu uku ne: Bitrus da jita, Dauda da gangunan da cocinsu ta yi wa ritaya, sai ni da maƙogwaro. Kiɗan rok muke yi, irin na turawan nan mai kururuwar jita da ihu. Bitrus ne ya gaya mana cewa a can ma samari a ɗakin mota suke farawa, har ana ce masa kiɗan gareji, sai muka ji ashe muna kan hanya. Muka sa wa kanmu suna Rufin Kwano, saboda shi ne abin da ke gasa mu duk Asabar.

Tarihin faya-fayanmu ba mai tsawo ba ne. Waya muke ratayewa a ƙusa, mun manna kwalayen ƙwai a bango wai don sauti. Ɗauka ta farko janareton maƙwabta ya cinye ta. Ta biyu talo-talon Maman Bitrus ya shiga amshi (kuma gaskiya ya fi ni riƙe murya). Ba mu taɓa hawa dandali ba, kuma ni ne dalili. Ni malamin sakandare ne, ɗan Ƙofar Kware, gidanmu kuwa ba a san mu da kiɗa ba. In aka ce wane makaɗi ne, abin da tsofaffinmu ke ji shi ne maroƙi. Saboda haka ko sunana ba na bari a ambata in waya tana ɗauka.

Luba ta san komai. Ma'aikaciyar jinya ce a cikin gari, amma iyayenta manoma ne a wani ƙauye da ke bakin fadama, kuma maganar aurenmu tana hannun mahaifinta, Malam Ummaru. Ranar da na fara zuwa gaishe shi, ina durƙushe kamar mai neman gafara, ya tambaye ni me ya sa ban zo Asabar ba sai Lahadi.

Na ce, "Baba, Asabar muna gareji."

Fuskar dattijon nan ta washe. Ya ce, "Gareji? Ashe kana da sana'ar hannu! Madalla. Ni ban son yaro wanda ba shi da komi sai alli da jiran wata."

To, a nan ne ya kamata in buɗe baki in ce ba irin wannan garejin ba. Na buɗe bakin kuwa, amma abin da ya fito shi ne, "Ana taɓawa, Baba." (Ni da ko tayar keke ban taɓa liƙewa ba.)

Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Duk gaisuwar da zan je sai ya jawo zancen inji, ni kuma in riƙa gyaɗa kai ina cewa, "Sai an buɗe an gani." Wannan jimlar ita kaɗai na sani a kanikanci, na kuwa ci moriyarta har ta gaji. Luba ta yi ta ce mini, "Malam, ka gaya mai gaskiya tun bai ji ga bakin wani ba." Kullum amsata ita ce sai na sami lokacin da ya dace. A raina kuwa na yanke cewa lokacin da ya dace shi ne bayan an shafa fatiha.

Ana tsakiyar zafin bazara ya kira ni a waya, ya ce injin da yake ba shinkafarsa ruwa ya tsaya, zai kawo mini. Na ce ai aiki ya yi mana yawa. Ya sake kira, na ce maigidan garejin ya yi tafiya. Daga nan na koma in ga kiransa in zuba wa wayar ido har ta yanke.

Asabar ɗin da abin ya faru, ranar muka sa za mu ɗauki waƙarmu mafi girma, wadda na rubuta wa Luba. Zafi ya sa na tuɓe riga, daga ni sai singileti da tawul ɗaure a ka. An rataye waya, Dauda ya buga sanduna, muka afka. Ni kuma ina da wata ɗabi'a, in waƙa ta kai ni wani wuri sai in rufe ido. Amshin kuwa layi ɗaya ne da ake maimaitawa da iya ƙarfi: "Luba, kin kashe ni! Luba, kin kashe ni!"

Ina cikin wannan sai na ji jita ta yi shiru. Na ce a raina, kai, Bitrus ya iya salo. Sai ganga ma ta ɗauke. Na ce lallai yau yaran nan sun bar mini fili, bari in nuna musu. Na ƙara tanƙwarewa, na riƙe makirufo da hannu biyu, na zuba ihun da ban taɓa yin irinsa ba. Ni kaɗai, babu kiɗa, ina ta shelar cewa Luba ta kashe ni.

Da na buɗe ido, Malam Ummaru ne tsaye a bakin ƙofa da babbar riga da carbi. Bayansa mai Keke ne rungume da injin ban ruwa, gefe kuma Maman Bitrus da kofin ruwa a faranti. Ita ce ta shigo da shi da hannunta, don ya yi sallama ya ce garejin yake nema, ta ce, "Bismilla Baba, suna ciki."

Ya dube ni daga tawul har silifas, sannan ya ce, "Wa Luba tak kashe?"

Na durƙusa. Makirufo yana hannuna ban sani ba, saboda haka "Ina wuni, Baba" ta fito ta lasifika har da amsa-kuwwa.

Ya waiga ya dubi kwalayen ƙwai, ya dubi ganguna. "Wanga shi na garejin?"

"Shi ne, Baba."

"Ina motocin?"

Dauda, wanda Allah bai ba shi hikimar yin shiru ba, ya ce, "An sayar, Baba."

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige na ja ƙofa. Maman Bitrus ta yi ƙoƙari, ta ce, "Baba, yaron kirki ne fa. Ko suna tsakiyar haukansu, aka kira salla shi ne farkon fita." Ya gode mata, ya karɓi ruwan ya sha, sannan ya juyo kaina.

"Wa kuka yi ma kiɗin? Wane basarake, wane attajiri?"

"Ba kowa, Baba. Ba mu roƙo."

"To wa ka saurare?"

Muka dubi juna. Bitrus ya ce, "Mu ne dai."

Dattijon ya daɗe yana kallon wayar da ke rataye a ƙusa, wadda har lokacin ɗauka take yi. Sai ya ce a sa masa abin da aka ɗauka a memori. Bitrus ya tura masa duka, har da ta talo-talo. Ya jefa a aljihu, ya sa aka ajiye injin a gabana, ya ce, "Tunda gareji na, a gyara." Ya fita abinsa.

Injin dai na kai shi garejin gaske, aka gyara, na aika masa a motar ƙauyensu. Ko "ya iso" bai aiko mini ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne memorin nan. Na riƙa ganin an tara baffannin Luba a zaure, an kunna musu ni, ana salati. Abinci ya daina shiga. A aji na rubuta kwanan wata a allo na tsaya ina kallonsa har ɗalibai suka fara tari. Na tambayi Luba me ake cewa a gida, ta ce Baba bai ce komai ba, kuma shirunsa ya fi faɗansa tsanani. A nan ne ma ta gaya mini ita ta yi masa kwatancen gidan. Ta ce, "Na gaji da auren bakanike, ni malamin nika so." Na yi fushi na wuni guda, na ga ba ni da ƙarfin fushin, na sauko.

Lokacin da shinkafa ta fitar da kai ya aiko in zo. Na sa kaftanin da ya fi kowanne kamala, na tafi kamar mai zuwa karɓar hukunci. A gida aka ce yana fadama, in same shi can. Ina tafe a kan kunya tsakanin gonaki ina ta maimaita ban haƙurin da na tsara, sai na fara jin wani abu daga nesa. Na tsaya. Na kasa kunne.

"Luba, kin kashe ni! Luba, kin kashe ni!"

Muryata ce, a sarari, a tsakiyar fadama. An kafa gora, an ɗaura mata lasifika irin ta masu tallan magani, da ƙaramar rediyo da batir a gindi. Manoma suna ta aikinsu, wasu ma suna bin amshin. A gonakin da ke can nesa tsuntsayen jan-baki ne ke sauka kamar hayaƙi, yara da manya suna ta kaɗa gwangwani suna kora. A gonar Malam Ummaru kuwa ko tsuntsu ɗaya babu.

Yana zaune a inuwa. Na durƙusa na fara, "Baba, don Allah..." Ya ɗaga hannu.

"Tun ran da nij ji ka, nis san muryar ga tana da amfani, wurinta na ba a samu ba. Shekara da shekaru muna hwama da tsuntsayen ga. Ka ga gonar?"

"Na gani, Baba."

"Ƙaryar da kay yi mani ta ɓata mani rai, ba ni ɓoye maka. Amma na bincika, an ce ba ka sha, ba ka roƙo, wahala dai kaka ba kanka. Ka turo manyanka." Sai ya ƙara da cewa, "Sharaɗi guda. Ɗiyata ba jan-baki ba ta. Kada ka yi mata wanga abu cikin ɗaki."

Haka Rufin Kwano ta sami faifanta na farko da ya yaɗu. Maƙwabtan gona suka yi ta turawa a tsakaninsu, har da "Wa Luba tak kashe?" a ƙarshe, don ba wanda ya yanke. Bitrus ya ce ko ba komai an san mu a fadama. Luba kuwa tana gidana yanzu, kuma duk ranar da na ɗaga mata murya sai ta leƙa taga ta ce ba ta ga tsuntsu ba.

Abin da na koya shi ne, in dattijo ya yi maka fahimtar da ta fi ka kyau, ka gyara masa nan take kana durƙushe, tun kafin ya ɗauko inji. Sannan duk mai neman masu sauraro ya riƙa fayyace addu'arsa. Ni na roƙi Allah ya sa waƙata ta motsa dubbai, ya kuwa amsa, sai dai duk masu fiffike ne.