Na Ɗaya a Fili, Na Ɗaya a Aji

Duk wanda ya zauna Potiskum a shekarun yaƙin basasa ya ce bai san Malam Kaumi ba, to ko dai kurma ne ko kuwa hassada ke cinsa. Allah ya yi wa garin nan baiwa iri-iri, ga kasuwar shanu, ga manyan motoci masu wucewa Jos da Maiduguri, amma babu kamar wannan bawan Allah. Shi ne malamin wasanni na wata firamare ta kwana da ke bayan gari. Ya yi kwas na mako biyu cur a Kaduna, ya dawo da satifiket, da farin gajeren wando, da doguwar safa, da usur na ƙarfe. Satifiket ya rataye a bango, usur ya rataye a wuya, kuma tun daga ranar ba a sake ganin wuyan nan tsirara ba. Ko alwala zai yi sai dai ya juya shi ta baya. Yara suka sa masa Malam Usur. Da labari ya kai kunnensa sai ya ɗauka sarauta ce, har ya fara amsawa.

Masu baƙin ciki suna yawan cewa ba a taɓa ganinsa yana gudu ba. Haka ne, kuma tumbinsa shaida ne, don shi ke fara shiga fili kafin mai shi ya iso. Amma Malam Kaumi ya riga ya ba su amsa tun tuni.

"Kun taɓa ganin direba ya sauko yana tsere da motarsa? Ni gudu a kaina yake. Ƙafa kowa yana da ita, har jaki."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. An ce gwamnati za ta naɗa mai kula da wasannin makarantu na lardi baki ɗaya, da ofis a Maiduguri, da babur, da masinja. Malam Kaumi bai ga wanda ya dace ba sai mutum ɗaya, kuma kullum yana ganin mutumin a madubi. Har ya fara koyon sabon sa hannu mai jela biyu, ya kuma shaida wa mai nama cewa ya fara neman wani mai ciniki, don shi kwanansa a garin nan ya kusa ƙarewa.

Tsanin da zai taka ya hau kujerar kuwa shi ne wani yaro daga Mamudo, Muhammadu Lawan. Dogo ne siriri, mai kunya, ba ya iya haɗa ido da babba. Yana aji uku akuyar hedimasta ta tsinke ta nufi daji, yara ashirin suka bi ta, Lawan kaɗai ya dawo da ita a kafaɗa, ko haki ba ya yi. A lokacin yana fama da karatu, yana bin layi da yatsa, yana haɗa baƙi da wasali da ƙyar, amma yana haɗawa. Malam Kaumi ya shiga ajin, ya zare littafin daga hannunsa, ya sa masa suna Harsashi, ya fita da shi fili. Shi ke nan Lawan ya yi sallama da allo.

To, daga nan aka shiga gata. Sauran yara suna layin tuwon dawa da miyar kuka mai kama da ruwan wanki, Harsashi yana cin ƙwai biyu da safe, da nono, da tsire ranar kasuwa. Malam Kaumi da kansa yake ɗanɗana kowane kwano kafin yaron ya sa hannu, saboda tsaro, kuma wani lokaci tsaron yakan cinye rabin tsiren. Harsashi ba ya shara, kada ya yi ciwon baya. Ba ya ɗebo ruwa, kada kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Ba a yi masa bulala, don jikin nan na lardi ne. In ya yi laifi sai a nemo wanda ke kusa da shi a zane. Shi kaɗai ke da gidan sauro a ɗakin kwana, sauron da aka hana shi kuwa sai ya rama a kan sauran.

Horon kansa mai sauƙi ne. Malam Kaumi yana zaune a inuwar dalbejiya, Lawan yana zagaya fili. Busa ɗaya, tashi. Busa ta biyu, ƙara wuta. Duk busar da ta biyo baya, a sake ƙarawa. Babu busar tsayawa, don Malam ya ce a Kaduna ba a koya musu ita ba. Yaro yakan tsaya ne in ya ga Malam ya tashi ya nufi abinci.

Kuma abin ya yi aiki, kada a yi masa ƙarya. Shekara biyu a jere Lawan ya cinye tseren mil ɗaya a gasar makarantu, ya bar 'yan Fika da 'yan Damagum suna kallon bayansa. Sau biyu ana miƙo kofi, sau biyu Malam Kaumi yana riga shi miƙa hannu. A hoton da aka ɗauka, ana ganin Malam da kofi sosai. Ana kuma ganin kunnen Lawan na dama.

Malam Adamu, malamin ajin su Lawan, mutum ne ramamme mai alli har a gira. Sau uku yana zuwa yana roƙon a ba shi yaron ko da awa ɗaya a rana. A karo na uku Malam Kaumi ya tara malamai a ofis ya yi musu bayani na ilimi.

"Ku ba ku je Kaduna ba, saboda haka ba zan ga laifinku ba. Jinin mutum ƙayyadadde ne. In ya hau kai, ya bar ƙafa. Karatu yana jan jini sama, yana gajiyar da ido, ido kuwa shi ke ganin layin ƙarshe. Kuna so in zubar da martabar makarantar nan saboda a, ba, ca, da?"

Hedimasta tsoho ne mai jiran ritaya, ba ya son hayaniya, yana kuma son ganin kofi a kan teburinsa don a ciki yake ajiye goro. Ya gyaɗa kai, magana ta mutu.

Sai dai jarrabawa ba ta san Harsashi ba. Ƙarshen kowace shekara Lawan yakan miƙa takarda fara fes, sai sunansa da ya haddace zanensa kamar yadda ake haddace hoton doki. Malam Kaumi bai ga dalilin da zai sa wannan ya tayar da hankalin kowa ba. Ya ce kai da ƙafa jiki ɗaya ne, kuma abin kunya ne wanda ya zo na ɗaya a fili ya zo na arba'in a aji. Ya karɓi takardar sakamako ya gyara kuskuren da alƙalaminsa. Shekarar farko Lawan ya zo na ashirin. Da kofi ya shigo ya koma na biyar. Da kofi ya sake shigowa, ai sai na ɗaya. Haka ya yi ta hawa har aji bakwai, bai taɓa zama a benci ya ɗumama shi ba.

Ana saura wata guda gasa ta uku, mahaifiyar Lawan ta zo. Sunanta Hawwa'u, mijinta ya rasu, babban ɗanta kuma yana bakin daga. Ta tako daga Mamudo da wasiƙarsa ɗaure a bakin zane, ta sami Lawan a fili ta miƙa masa.

"Karanta mini, ɗana. Na gaji da kai wa mai rubutu a bakin kasuwa, kafin in isa gida duk Mamudo sun ji abin da wanka ya ce. An ce kai ne na ɗaya. Bakinka nake so in ji."

Lawan ya riƙe takardar, ya kasa ɗaga kai. Sai ga Malam Kaumi ya taso daga inuwa ya fizge ta.

"Haba, Iya! Saura wata guda gasa ki sa shi karatu? Idon nan hutu yake yi. Kawo, ni zan taimake ki."

Ya karanta mata da ƙarfi yadda har masu shara a ɗaya gefen filin suka ji cewa sojan yana fama da basir kuma yana gaishe da wata Saudatu. Tsohuwa ta karɓi wasiƙarta ta ɗaure. Ta daɗe tana kallon ɗanta, shi kuma yana kallon yatsun ƙafarsa. Ni dai a duk labarin nan babu inda ya fi ba ni haushi kamar nan.

Ranar gasa ta zo. An yi wa fili layi da toka, an kafa rumfa, 'yan Fika da 'yan Damagum sun iso a bayan babbar mota, iyaye sun cika gefen fili, har da Hawwa'u da sabon kallabi. Babban baƙo shi ne Alhaji Abatcha, jami'in ilimi daga Maiduguri, wanda kowa ya san rahotonsa ne zai yanke maganar kujerar nan. Mutum ne marar yawan magana, mai duban mutane ta saman tabarau.

Malam Kaumi ya yi mako biyu yana rubuta jawabin maraba, shafi huɗu, sunansa ya fito sau goma sha bakwai, na baƙon sau biyu. Da ya tsaya ya karanta abinsa ya zauna, da yau wani labari ake bayarwa. Amma ina! Sai da ya kira Lawan gaban rumfa, ya dafa kafaɗarsa, ya zaro takardar sakamako daga aljihu ya shimfiɗa a gaban baƙo.

"Ranka ya daɗe, wasu suna horar da ƙafa su bar kai. Wasu suna horar da kai su bar ƙafa. Ni tsarina, wanda na zo da shi daga Kaduna na kuma ƙara masa nawa, yana ɗaukar yaro gaba ɗayansa. Ga shi nan. Na ɗaya a fili, na ɗaya a aji. Abin da na yi wa yaro ɗaya, in an ba ni dama, shi zan yi wa lardi duka."

Alhaji Abatcha ya dubi takardar, ya dubi yaron, ya yi murmushi.

"Madalla, Malam. To ai kai ka huta. Ba shi jawabin ya karanta mana, iyaye su ji daɗi."

Malam Adamu ya sunkuyar da kai. Hedimasta ya haɗiye goronsa bai gama taunawa ba. Malam Kaumi ya fara bayani a kan jini da ido, baƙo ya ce ai Hausa ce, ba Turanci ba, kuma shafi ɗaya ma ya isa. Aka sa wa Lawan takardun a hannu. Hawwa'u ta kutsa ta cikin mata ta fito gaba, ta gyara kallabi, ta karkata kunne.

Lawan ya dubi shafin farko. Ya juya shi. Ya sake juya shi. Ya ɗaga kai ya ga mahaifiyarsa tana jira, hawaye suka cika masa ido. A cikin shekara huɗu abu ɗaya tak aka koya masa, sai ya yi shi. Ya dunƙule jawabin a hannu ya zuba da gudu.

Malam Kaumi, cikin ruɗewa, ya kai usur baki ya busa don ya tsayar da shi. Yaro ya ƙara wuta. Ya sake busawa, yaro ya sake ƙarawa. A busa ta huɗu Lawan ya tsallake shingen makaranta, a ta shida ya zama ɗan ɗigo a kan hanyar Mamudo. Malam ya daka wa sauran yara tsawa su kamo shi. Suka dube shi kawai. Masu tuwon dawa da shara ne, wa ya taɓa koya musu gudu?

"Kai ne gwanin, Malam," in ji Alhaji Abatcha a hankali. "Bi shi mana."

Nan fa Potiskum ta ga abin da ta shekara goma tana jira. Malam Kaumi ya tattara tumbi ya taka. Waɗanda suka auna daga baya sun ce ya yi yadi talatin da ɗaya kafin safarsa ta zame, ƙafa ta gurɗe, ya kife a kan layin toka da usur a baki, yana numfashi usur yana amsawa. 'Yan Fika suka tafa masa, don yara ne masu tarbiyya. Da la'asar kuma suka tafi da kofin, hedimasta ya juye goronsa a aljihu.

Rahoton Alhaji Abatcha bai kai rabin shafi ba. Kujerar Maiduguri da babur da masinja suka tafi wurin wani. Amma ba a bar Malam Kaumi haka ba, an yi la'akari da tsarinsa na ɗaukar yaro gaba ɗaya, aka ba shi aji ɗaya ya koyar da a, ba, ca, da. Usur kuwa aka miƙa wa mai dafa abinci ya riƙa kiran layin tuwo.

Mako guda bayan haka Hawwa'u ta dawo da Lawan, tana riƙe da hannunsa tun daga Mamudo. Ta shiga da shi ajin Malam Kaumi, ta zaunar da shi a bencin baya, gwiwoyinsa har haɓa, a tsakanin yaran da ba su gama famfara ba. Malam Kaumi yana tsaye a gaban allo yana dogara sanda, ƙafa a naɗe da tsumma. Ta kwance bakin zanenta, ta ɗago wata sabuwar wasiƙa da ba a buɗe ba, ta nuna masa.

"Wannan ba mai buɗe ta sai ɗana. Kowace ranar kasuwa zan zo in ji inda kuka kai."

Ta mayar ta ɗaure, ta kai bakin ƙofa, sannan ta juyo ta dubi ƙafar tasa.

"Kada ka ji tsoron jini ya hau kai, Malam. Na ga kai ma naka duk a ƙafa ya taru."