Cinikin Tabarau da Biri

Wani ne mai sayar da atamfa a kasuwar birnin Solo, irin mutanen nan da ciniki ya shige musu jini. Ko gaishe shi ka yi sai ya nemi ragi. To shi ne Allah ya jarrabe shi da son wata yarinya, Lastri. Ubanta, Pak Wiryo, tsohon malamin makaranta ne mai tsauri, wata shida yana ja masa rai a kan maganar aure.

Da hutun rani ya zo, zafi ya ishi kowa a birni, sai tsohon ya ce za su hau garin Tawangmangu na kan tudu shan iska, shi da matarsa da Lastri. Ya ce wa saurayin, "Kai ma ka biyo mu. In mun sauka wajen ruwan nan mai zubowa daga kan dutse, muka hawo lafiya, zan ba ka amsarka."

Gogan naka ya sayi sabon takalmi da rigar sanyi mai kauri kamar katifa. Shi ya ɗauki jakar kowa. Matakalar sauka wajen ruwan ta fi dubu, amma tun daga sama har ƙasa bakinsa bai huta ba, yana ba tsohon labarin yadda bai taɓa sayen ko allura a farashin farko ba.

Suna isa ƙasa, Pak Wiryo ya ɗaga kai yana kallon ruwa. Wuf! Wani ƙaton biri mai farin gemu ya diro, ya zare masa tabarau daga fuska, ya haye kan dutse ya zauna. Tsohon kuwa in babu tabaran nan, ko matarsa ba ya bambancewa da bishiya.

Akwai wata tsohuwa mai sayar da dafaffen ƙwai da ayaba a gefen hanya, Mbah Ginem. Ko motsi ba ta yi ba. Ta ce, "Kada ku damu, 'ya'yan nan. Tabarau ƙwai biyu yake karɓa. Hula ayaba ɗaya, waya ƙwai uku. Ku miƙa masa, ya miƙo muku."

Pak Wiryo ya ce a kawo ƙwan, sai gogan ya riƙe masa hannu.

"Ƙwai biyu? Daga buɗe baki? Pak, bar ni da shi. Wannan ai aikina ne."

Lastri ta ce, "Mas, yayana, don Allah ka ba shi kawai."

"Ke dai zuba ido ki ga irin mijin da za ki aura."

Ya gyara rigar sanyi, ya matsa gaban dutsen, ya zaro ƙwayar gyaɗa guda ɗaya ya ɗaga. Biri ya dubi gyaɗa, ya dube shi, ya yi hamma.

"To ai kai ma ka san kayan naka ba na kirki ba ne," in ji gogan, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Dubi ƙafarsa ɗaya, da zare aka ɗaure. Gilashin duk ya karce. Tun zamanin kakanni aka daina yayinsa. Wallahi ko a bola na gan shi ba zan sunkuya ba."

Pak Wiryo ya yi gyaran murya. "Kyautar da ɗalibaina suka ba ni ce ranar da na bar aiki."

"Pak, yi shiru mana, za ka ɓata mana ciniki! In ya gane muna so, mun shiga uku."

Ya ƙara rabin ayaba a kan gyaɗar. Biri ya sa ƙafar tabarau a baki, ƙaras, ya tauna.

"Ka gani? Yanzu ma ka ƙara rage masa daraja. Na janye ayabar."

Mbah Ginem ta girgiza kai. "Ɗan nan, shekarata talatin a nan, ban taɓa ganin ya yi wa kowa ragi ba. 'Yan sanda ma biyu suke ba shi."

"Don bai taɓa gamuwa da ɗan kasuwa ba ne, Mbah."

Daga nan ya fito da babbar dabararsa. Ya dubi iyalin ya ce, "Kowa ya juya. Tafiya za mu yi. Kada wanda ya waiwayo. Kafin taku goma zai kira mu, haka suke duka."

Uwar Lastri ta ce, "Biri ne fa, ɗan nan. Da wane baki zai kira ka?"

"Bu, uwata, mai kaya ko bebe ne, in ya ga ciniki zai kuɓuce sai ya yi magana."

Suka juya suka kama hawa. Tsohon yana laluben matakala da ƙafa, matarsa ta riƙe shi ta nan, 'yarsa ta can. Taku goma, shiru. Hamsin, shiru. Ɗari, sai ƙarar ruwa.

"Ya kira?" in ji Pak Wiryo yana haki.

"Daurewa yake yi, Pak. Gwani ne, na sara masa. Mu ƙara kaɗan."

A matakala ta ɗari uku tsohon ya zube, ya ce ko mala'ika ne ya zo ba zai ƙara taku ba sai ya huta. Lastri ta yi wa gogan wani kallo. A nan ne gogan ya hango aure yana sulalewa. Ya watsar da jakunkuna, ya kwasa ƙasa a guje, sabon takalmi yana cin diddigensa.

Bai tsaya neman ragi ba, karo na farko a rayuwarsa. Ya sure farantin ƙwan Mbah Ginem gaba ɗaya, ya ɗaga sama da kansa yana ihu.

"Na saya! Na saya yadda ka ce, har da ƙari!"

"Kai, sauke! Ba a nuna musu duka!" in ji tsohuwa.

Ina! Birai sun riga sun gani. Daga bishiya, daga dutse, daga rufin rumfa, suka yi masa caa. Wani a kafaɗa, wani a ka, wani ya shige cikin rigar sanyi. Mai farin gemu ya sauko a natse, ya zaɓi ƙwai shida, ya ɓare ɗaya bayan ɗaya ya cinye. Ya yi gyatsa, ya shafa ciki, ya ɗora tabarau a hanci, ya shige daji yana tafiyar ƙasaita.

"Mbah, kira shi! Don Allah kira shi!"

"Ai ya ƙoshi, ɗan nan. Shi in ya ƙoshi ya tashi kasuwa, sai gobe. Goben ma da sabon kaya yake fitowa."

Sai bayan la'asar gogan ya ƙaraso sama, yana ɗingishi, gwaiduwa har a kunne. Ya iske su zaune a benci wajen wani mai tsiren zomo, uwa da 'ya sun ja tsohon har can da ƙyar. Ya durƙusa.

"Pak... maganar amsar nan."

Tsohon ya juya ya tsura wa wani abu ido.

"Ina nan, Pak. Wannan dokin haya ne."

Lastri ta juyo da kan ubanta. Tsohon ya ce, "Kana son ta da gaske?"

"Wallahi kamar raina, Pak."

"To juya ka kama hanyar Solo, kada ka kuskura ka waiwayo. In na sauko, zan kira ka."