Kwanon da Ya Dawo a Kife

"Ina wuni, matata? Ya gajiyar sauraren mijinki a rediyo?"

"Gajiya ta bi lafiya, baƙin maigida. Tuɓe takalmi, fadar Abuja ka shigo."

Ina jin Mahadi da kakarmu sun fara haka na ajiye waken da nake tsincewa. Mahadi ƙanena ne, ɗalibi a jami'a nan Jalingo, Allah ya ba shi baki amma bai haɗa masa da linzami ba. Jiya aka kira ɗalibai gidan rediyo muhawara kan sakar wa jihohi mara da yarjejeniyar ciniki da ƙasashen waje. Ɗan neman suna sai ya kwashi gidanmu ya kai misali. Ya ce kakarmu Iya Hajara ita ce gwamnatin tarayya, ko gishiri sai da izininta. Ya ce ta ƙulla ciniki da ƙasar maƙwabta ba shawarar kowa, ana fitar da daddawa mai daraja ana shigo da doya mai tabo. Ƙasar maƙwabtan nan kuwa kowa a unguwarmu ta Sintali ya san gidan Maman Tobias ne, wadda kwano ke yawo tsakaninta da Iya ta kan katanga tun ba a haife mu ba. Ni kam yau ko kanti na kasa zuwa don kunya.

"Kai, tsohuwa, mijinki ya ci muhawara, ko guɗa babu?"

"Guɗa sai da haƙora, ni kuwa ka gaya wa duniya na ƙarar da nawa wajen cin kasafin kuɗi."

"Ƙarya na yi? Rannan dunƙulen magi ɗaya na roƙa, kika ce in dawo bayan la'asar majalisa ba ta zauna ba."

"Da na sakar maka mara, da tuni ka yi mana fitsari a tukunya. Wanda aka aika sayo manja ya dawo da kati a waya, shi za a ba jiha?"

"To ki ba ni 'yancin kaina mana, in ɓalle."

"Ɓalle! Ƙasar da ba ta da ko cokali? Ranar da ka ɓalle, kafin magariba za ka dawo ƙofar kicin ɗina gudun hijira."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta miƙa ƙafa ta turo masa wani kwanon sha mai fulawa da ke kife a gefen tabarma.

"Ɗaga ka gani, gwamna."

"Ba komai a ciki."

"Haka ya dawo da safen nan, a wanke, a kife. Tun da na zo garin nan daga Katsina da goyon ubanka, kwanon nan bai taɓa ƙetare katanga wayam ba. Ko ranar da mijinta ya mutu sai da ta sa ƙullin gyaɗa."

Mahadi ya sosa ƙeya. "Ai ban kama suna ba."

"Maƙwabta nawa muke da su masu kawo doyar Zing? Magana zarar bunu ce, mai gidana."

"Amma fa a yi adalci, Iya. Daddawarki ta fi ƙarfin wannan doyar. A ciniki ana duba wa ya ci riba."

Iya ta ɗaga hannayenta, yatsun nan da sanyin ƙashi ya karkace. Muryarta ta yi ƙasa.

"Yaushe rabon da ka ji ƙamshin dahuwar kalwa a gidan nan? Hannun nan ya daina ɗaga taɓarya tun kana sakandare. Dunƙule biyu nake sa yayarka Raliya ta sayo mini a kasuwa a ɓoye, in sa a kwano don kada ya koma haka. Ita kuma ta ciko shi da doya, wannan mai tabon da ka ci har ka yi wuyan da kake murɗawa a rediyo."

Mahadi ya ajiye kwanon. Ya sunkuya har na fara tausaya masa. Ashe ni zai juyo wa.

"Dakata. Yaya Raliya ke sayowa? Ai kullum a teburin Rejoice nake ganin ta."

"Wace Rejoice?"

"'Yar Maman Tobias mana."

Iya ta juyo ta dube ni. Na ce to ita ce ke ba da gyara mai yawa, laifi ne? Iya ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

"Innalillahi! Wato daddawar 'yarta nake aika mata, tana aiko mini da godiya wai hannuna na nan yadda yake? Ƙasa, tsage in shige."

"Kin ga illar mulkin mutum ɗaya ke nan, matata. Da kin faɗa mana, ga ni ga Yaya, wa zai kasa surfa kalwa? Kin riƙe makulli, kin riƙe magana."

"Rufe mini baki, mai bakin da ke yanka wuya. Ni na yi abin kunya a ɗaki, kai ka yi naka a lasifika."

"Duk kunya ce, uwarsu ɗaya."

 Iya ta kwance bakin zani, ta wurgo masa makullin sito.

"Ga Abujar nan. Cika kwanon, ka kai da ƙafarka, ka durƙusa."

"Me zan zuba?"

"Ba kai ne gwamna ba?"

Ya shiga ya fito da kwano maƙil da dambun naman da take ɓoyo tun babbar sallah, wanda ta rantse mana ya ƙare.

"Wayyo, ɓarawo! Ranar farko ya wawashe baitulmali!"

Ya fice yana dariya, amma na leƙa na gan shi tsaye a ƙofar gidan Maman Tobias yana ta gyara hula, kamar mai zuwa gaida surukai. Ya daɗe a ciki. Iya ta kasa zaune ta kasa tsaye, tana jan carbi tana duban katanga.

Da ya dawo idonsa ya yi ja. A cikin kwanon akwai doya guda ƙatuwa, da baƙin tabo a gefe.

"Me ta ce?"

"Ta ce da Hausar nan tata, 'Useko, na gode. Ka gaya wa matanka ya yanke wurin da ya ruɓe, sauran duka abinci ne.'"

Iya ta karɓi doyar ta rungume, dariya da hawaye suka zo mata tare. Mahadi ya miƙa mata makullin, ta ture hannunsa.

"Riƙe abinka, maigida, ka ci zaɓe. Buhun kalwa na bayan ƙofa, taɓarya na jingine. Gobe kwanon nan zai so abin komawa."